A daina cewa "Allah ya faɗa min" ba tare da gwadawa ba

Edita, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista kan neman jagorar Ubangiji. Abin yana damuna sosai, yau mutum zai yi mafarki ɗaya, gobe ya ajiye aiki ko ya fasa aure wai an nuna masa, bai buɗe Baibul ba, bai tambayi kowa ba, kuma in ka yi magana a ce ba ka da bangaskiya. To ai 1 Yohanna 4:1 cewa ta yi a gwada ruhohi. Ko Bulus ma a Ayyukan Manzanni 16 sau biyu Ruhu ya tare masa hanya, Asiya da Bitiniya, kafin wahayin Makidoniya ya zo, kuma yana cikin tafiya ne fa, ba zaune yake yana jiran alama ba. Yawancin jagora tana zuwa ne a ƙananan abubuwa, biyan bashin da ka ci, riƙe bakinka lokacin fushi, jin shawarar dattawan ikilisiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. Fastocinmu su koyar da wannan a fili don Allah.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum