Daga Agege, kan maganar wata mota

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya zafin Kano. Shirun nan ya yi yawa wallahi, tun bikin ƙanwarka rabon da mu yi magana mai tsawo, kullum sai gaisuwar Juma'a a WhatsApp, kai ka turo hoton masallaci ni in turo amin. Yau dai nace bari in zauna in rubuto maka, don akwai abin da ya hana ni sakat, kuma a waya ba za ka bari in kai ƙarshe ba, na san ka da katse mutum.

Mota na gani a kasuwar motoci ta Berger, kuma ta shiga raina. Volvo V90 Cross Country ce ta 2018, tokumbo, wagon mai dogon baya, ƙafafunta huɗu duka suna ja. Na raka maƙwabcina ne ya duba Corolla, ina tsaye ina jiransa sai na hango ta can ciki an rufe mata gaba da wasu jif jif, ruwan toka, ƙura ta ɗan hau ta alamar ta daɗe ba wanda ya taya. Dilan ya ga ina kallo ya kawo makulli. Malam, da na zauna a kujerar direba sai na ji bayana ya samu wurin zama, fata ce mai laushi, ka rufe ƙofa hayaniyar titin Oshodi-Apapa da ihun 'yan tirela duk su ɗauke. Ya danna wani maɓalli but ya buɗe da kansa, ya kwantar da kujerun baya sai ga fili shimfiɗe tun daga ƙofar but har bayan direba, mutum zai miƙe ƙafa ya kwanta. Tun ranar nake lissafi.

Da na nuna wa maman yara hoton ka san me tace? Wai ita ba za ta shiga motar ɗaukar gawa ba. Kuma ba daga sama ta ɗauko maganar ba, ka zauna a garin nan ka sani, tsofaffin Volvo masu dogon baya da yawansu aikin da suke yi kenan a kudu, da jiniya da hoton mamaci a gilashi. Yaron shagona shi kuma cewa ya yi Oga ai wannan motar tasha ce. Mutanenmu in ba jif ba ne to ba ka hau mota ba. Amma kai da ni ai a cikin wagon muka tashi, Fijo 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna a da, kamfanin da ya fara aiki tun 1975, ita ta yi ta jigilar iyayenmu daga Kano zuwa Ikko, layi uku na kujeru, kaya a sama an ɗaure da igiya, ba wanda ya taɓa raina ta. Ni ban ga abin kunya a doguwar mota ba.

Ba kwalliyar ce ta ja ni ba fa, maganar Inna ce. Gwiwarta ta ƙara tsanani bana, da babbar sallah da muka je gida na ari Highlander, kafin ta hau sai da muka kama ta ni da ƙanena, tana cije baki tana cewa ba komai, ni kuwa ina kallon hannunta yadda ya damƙe ƙofar yana rawa. Camry ɗina kuma ta yi ƙasa da yawa, in ta zauna tashi ya zama aiki, ga hanyar garinmu ka san inda kwalta ta ƙare, daga nan jar ƙasa ce, damina na sauka ta zama taɓo, mota mai ja da gaba kawai sai ta yi ta wulwula taya a wuri ɗaya har sai yara sun zo turi. Ita wannan tsakiya take, tsayinta daga ƙasa wajen santimita 21, kujerar daidai ƙugun mutum, tsohuwa za ta juya ta zauna kawai ba hawa ba durƙuso. In kuma asibiti za a kai ta a kwantar da kujeru a shimfiɗa katifa. Wannan shi ne abin da nake gani in na rufe ido.

Na ɗauki bakanikena muka koma, wanda ka sani ɗin nan na bayan Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, har yanzu yana nan da jar hularsa. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya sa hanci, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe yana neman shatin ruwa, don da yawan motocin da ake kwasowa daga gwanjon Amurka ko hatsari suka yi ko ambaliya ta ci su, a zo a wanke a fesa turare. Yace wannan dai bai ga alama ba amma sai an bi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, an ga tarihinta. Sannan ya zaunar da ni ya yi min karatu. Injin nata lita 2 ne silinda huɗu kacal, amma an ɗora masa tobo da kuma sufacaja, masu cusa wa inji ƙarin iska, shi ya sa take da ƙarfin babbar mota, kuma shi ya sa abin lalacewa ya fi yawa. Ba a taɓa ta sai an jona kwamfuta. Baƙin mai sai nata, ba irin na bakin titi ba. Abin da ya fi tsaya min shi ne taya, yace tunda huɗun a haɗe suke aiki dole cinsu ya zama kusan ɗaya, in ƙusa ta yaga ɗaya yadda mai faci ba zai iya ba, ka sa sabuwa guda cikin tsofaffi uku, to kana wahalar da abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ƙarshenta sai ka canja duka. Mu kuwa nan wa ke sayen taya huɗu rana ɗaya. Haka in ta mutu a hanya ba a ɗaga gaba a ja ta da janwe, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a bayan mota. To ka ce min ta tsaya maka tsakanin Jebba da Mokwa da la'asar sakaliya, ina za ka samo wannan?

Na san abin da za ka ce, kai da har yau kake fama da Golf ɗin nan da sai an yi fakin a gangare. Wai har yanzu tana nan? Don Allah ka tausaya wa yaran unguwa ka sayar, sun tura ta tun suna firamare yanzu wasunsu sun yi aure.

Af, ka ga Agege kuwa yanzu? Ba za ka gane Pen Cinema ba, tun da aka buɗe gadar sama a 2021 wurin ya canja, ga jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024 yana bi ta nan daga Agbado zuwa Oyingbo, ni kaina in zan shiga Yaba wani lokaci ajiye mota nake in bi shi. Mai shayinmu ya tashi daga bakin kwana ya koma cikin layi, ya ƙara aure kuma, yace in gaya maka bashin ƙwai biyu yana nan a littafi. Yaran garinmu masu acaɓa kuma tun hanin da aka yi a 2022 da yawa sun koma gida, wasu sun koma tura baro a Mile 12, abin ba daɗi, ɗan gidan Liman ma yana cikinsu, in ya zo wajenka neman aiki ka taimaka masa yaron kirki ne.

To in koma kan motar. Dilan ce min yake da ita ba ruwana da ambaliyar Legas, wannan kam ban yarda ba. Ja da ƙafa huɗu yana taimako a taɓo da yashi da santsin kwalta in ana ruwa, amma in ka kutsa cikin ruwan Lekki ko na Oshodi ya kai inda inji ke shaƙar iska, inji ya sha ruwa, shikenan ya tafi ko ƙafa nawa ke ja, ga wayoyi da kwamfutoci birjik a jikinta. Kuma gaskiya yawancin tuƙina a gosulo ne, Agege zuwa Ikeja, Ikeja zuwa gadar Third Mainland, a nan ƙafa huɗu ba abin da za ta ƙara min sai shan mai. Kai ma ka san tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu yace tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, daga baya har ta taɓa haura 1000, ga tafiyar gida wajen kilomita 1000 zuwa kawai, ita kuma irin motocin nan mai mai kyau suke so. Kayan gyara ma abin da babu a Ladipo sai an yi oda, da dala.

Sai maganar sayarwa, wadda ita ce maman yara ta fi riƙewa kuma tana da gaskiya. Toyota da Lexus a ƙasar nan kamar gwal suke a hannun mata, ranar da ka matsu ka fitar kafin magariba an ba ka kuɗi. Wannan kuwa ƙurar da na gani a jikinta ta isa amsa, yadda ta zauna wa dila haka za ta zauna min. Amma kuma shi ya sa yake ta sauko da farashi, yanzu kusan kullum sai ya kira. Na leƙa Marsandi E350 4MATIC wagon, ita ma mai ja da ƙafa huɗu, kayanta sun fi samuwa, har da 'yan kujeru biyu a but masu kallon baya da yara za su so, sai dai ta yi ƙasa ga hanyarmu, kuma bayanta a kan balan-balan na iska yake, in ya fashe motar zaunawa take. Subaru Outback ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo, amma na zauna a ciki ban ji abin da na ji a waccan ba.

Inda na tsaya dai yanzu, in tarihinta ya fito fes kuma takardun kwastan sun cika, zuciyata saye take so, kuma zan ware kuɗin taya huɗu da na gyaran shekara in ajiye gefe kafin in biya, in kuɗin bai kai haka ba in haƙura. Camry ba zan sayar ba, ita za ta ci gaba da shan gosulo. Istihara ma na fara.

Abin da nake so da kai, ka shiga Ƙofar Ruwa cikin satin nan ka tambaya min ko ana samun kayan Volvo na wannan zubin, ko da burki da filta ne, sannan ko akwai mai gyaranta da kwamfuta a Kano, don in na kawo ta gida ta yi tari in san inda zan nufa. Ka tambayi mutum fiye da ɗaya, kar ka tsaya wajen surukinka kawai, shi komai ka tambaya akwai ne.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce maganin da tace in duba mata a Idumota na samu, zan ba direban motar albasa ya taho da shi ranar Laraba in Allah ya kai mu. Kilishin da ka yi alkawari kuma har yau shiru, ka haɗo da yaji mai yawa, na wancan karon yara ne suka cinye.

Naka,
mutumin Agege