Ɗan Katolika Da Ƙuri'arsa: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Bayan haka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana mabiya ɗarikar Katolika. Maƙwabtanmu Musulmi ma kada su wuce shafin, domin zancen ya shafi gidajensu kamar yadda ya shafi nawa.

Ni Bahaushe ne daga ƙasar Malumfashi, jikan Maguzawa. Na yi shekara 31 ina koyarwa a firamare, na kuma yi aikin katikis, wato mai koyar da addini a coci, a ƙauyenmu har sai da gwiwa ta hana ni hawa keke. Na koya wa yara Dokoki Goma, na shirya ma'aurata da yawa kafin Fada, limamin cocinmu, ya zo ya ɗaura musu aure, na kuma raka gawa zuwa kabari fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saƙo da ɗana na biyu ya turo mini ta WhatsApp daga Kaduna. Wata takarda ce da aka juya zuwa Hausa, mai lissafa abubuwa biyar da aka ce ɗan Katolika ba ya sassauci a kansu ranar zaɓe: zubar da ciki, kashe marar lafiya da sunan tausayi, yin gwaji da ɗan tayi, kwaikwayon halittar mutum a ɗakin bincike, da auren jinsi. Ya ce, "Baba, ka karanta wa jama'a bayan Misa (ibadarmu ta coci), tunda zaɓen 2027 ya ƙarato." Na ce masa ba zan karanta ba a yadda take. Ya ji haushi, har ya tambaye ni ko tsufa ya sa na fara sanyi a addini.

Ban yi sanyi ba. Duk biyar ɗin nan koyarwar Ikilisiya ce, na kuma yarda da su ɗaya bayan ɗaya. Littafin katikisim na 1992, wanda ya tattara koyarwar Ikilisiya, ya faɗa ƙarara cewa ran ɗan Adam abin kiyayewa ne tun daga ranar da ciki ya shiga. Aure kuma a wurinmu alkawari ne tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, mutuwa kaɗai ke raba su. Kakana mata huɗu ya bari, don haka na san abin da mahaifina ya sadaukar ranar da ya karɓi baftisma ya tsaya a kan uwata ita kaɗai, dangi suna yi masa dariya. Ba ni ne za a koya wa nauyin wannan magana ba.

Amma takardar rigar aro ce. Wata ƙungiyar 'yan Katolika a Amurka ce ta fitar da jerin a 2004, don zaɓen ƙasarsu. Can kuwa yana da ma'ana, domin kotun ƙolinsu ta halatta zubar da ciki tun 1973, ba a soke hukuncin ba sai a 2022, kuma manyan jam'iyyunsu biyu sun rabu a kan batun, wannan gabas wannan yamma. In mai zaɓe ya ɗora 'yan takara a kan wannan ma'auni, zai ga bambanci.

To mu fa? Dokar Najeriya ta hana zubar da ciki sai in don a ceci ran uwa. Auren jinsi, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana shi a watan Janairun 2014, da ɗaurin shekara 14. Ko a 2022 da gwamnatin Legas ta fitar da wasu ƙa'idoji kan zubar da ciki a asibitocinta, ƙorafin jama'a, har da na Babban Bishop ɗin Katolika na Legas, ya sa aka dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Ka tara duk masu neman kujera daga kansila zuwa shugaban ƙasa, Musulminsu da Kiristansu, ka tambaye su waɗannan biyar ɗin, baki ɗaya za su amsa maka. Ɓarawon cikinsu ma zai fi kowa ɗaga murya. Jarrabawar da kowa ke cin maki ɗari bisa ɗari, tsohon malami irina ya san ba jarrabawa ba ce.

Tsorona shi ne a yi amfani da takardar a rufe mana ido. Ɗan siyasa zai zo coci ranar Lahadin godiya, ya zauna a kujerar gaba, ya ce shi mai kare rai ne da aure, ya ba Zumuntar Mata atamfa, ya yi alkawarin kwanon rufi, ya tafi. Mu kuma mu koma gida da tunanin mun bi koyarwar Ikilisiya.

Bari in faɗa maka abin da kalmar "rai" take nufi a gidana. A ƙarshen daminar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, naƙuda ta kama 'yata ta uku da tsakar dare. Haihuwarta ta fari ke nan. Ba halin kiran kowa, ba mai babur ɗin da zai yarda ya fita. Ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta. Da gari ya waye muka ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa, muka tarar da ma'aikaci ɗaya, ba magani, ba jini. Ya ce mu wuce gaba. Ba mu kai ba. Ita da jaririn muka binne a kabari ɗaya. Wannan jaririn ɗan tayi ne da Ikilisiya ta ce a kare, kuma ba likitan zubar da ciki ne ya kashe shi ba. Hanya ce, da duhu, da tsoro, da kuɗin asibiti da wani ya sa a aljihu.

Ba ni kaɗai ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, mu masu masaukin baƙin ba mu cika ba. Duk ɗan takarar da ya ce yana kare ɗan da ke ciki, a tambaye shi nawa ya ware wa uwar da ke ɗauke da shi.

Kada ɗana ya ce ni na ƙago wannan fassara. Wasiƙar da Fafaroma John Paul na Biyu ya rubuta kan darajar rai a 1995 ta soma babinta na farko ne da labarin Kayinu da Habila, da jinin da ke kuka daga ƙasa. Fafaroma Francis kuma a 2018 ya rubuta cewa dole kariyarmu ga ɗan tayi ta kasance a fili ba kwana-kwana, amma ran matalauci da aka riga aka haifa shi ma tsarkinsa ɗaya ne. Ko a zaɓen Amurkan na 2024, da 'yan jarida suka tambaye shi a jirgi, ya ce duka 'yan takaran biyu suna gaba da rai, ɗaya ta wajen zubar da ciki, ɗaya ta wajen korar baƙi, kowa ya bi lamirinsa ya zaɓi wanda sharrinsa ya fi sauƙi. Bai miƙa wa kowa suna ba.

Jinin da ke kuka a ƙasarmu kuwa ba ya tambayar addini. Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da fada-fada ta Kaduna, an sace shi aka kashe a farkon 2020. An ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro a Janairun 2023. An harbe masu ibada a cocin Owo ranar Fentikos ta 2022. Haka nan bam ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023, kuma a Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwan Mantau, nan ƙasarmu ta Malumfashi. Na je gaisuwar wasu daga cikinsu. Abokina na ƙuruciya, limami ne yanzu, ya karanta mini ayar da ta ce wanda ya kashe rai ɗaya kamar ya kashe mutane duka ne. Na ce masa ai tamu dokar ma gajeriya ce: kada ka yi kisankai. Muka yi shiru mu biyu. Ɗan Katolikan da ya yi kukan Owo bai yi kukan Mantau ba, bai fahimci katikisim ɗin da na koya masa ba.

Akwai wani ɓangare na koyarwar da ni kaina yake mini wuyar haɗiya, gara in faɗa. A 2018 Fafaroma Francis ya gyara katikisim ya ce hukuncin kisa ba abin yarda ba ne. Ranar da na karanta, na ce lalle Uba Mai Tsarki bai taɓa kwana a gonar dawa yana jin ƙarar babura ba. Har yau zuciyata ba ta gama kwanciya a kai ba. Amma ba zan tsinci abin da ya yi mini daɗi in bar sauran ba, sa'an nan in zargi 'yan siyasa da yin haka.

Batun aure kuma, abin da ke rushe shi a ƙauyenmu ba wata doka ce daga Turai ba. Bishop-bishop ɗinmu sun riga sun ba da amsa a ƙarshen 2023 cewa ba za a sa wa auren jinsi albarka a cocin Najeriya ba, magana ta ƙare. Abin da nake gani da idona shi ne samari 'yan shekara 35 da ba su iya haɗa kayan aure ba tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Magidanci ya tafi Legas acaba ko Abuja gadi, shekara biyu matarsa ba ta gan shi ba. Iyali sun bar gona sun tare a ɗaki ɗaya a gari, su tara. Miji ya sayar da shanu da gona ya fanso matarsa daga daji, ta dawo, zaman ya gagara, ba mai taimakonsu da ko shawara. Ni dai ban nemi gwamnati ta tilasta wa maƙwabcina Musulmi irin aurena ba, shi ma bai nemi ta tilasta mini nasa ba. Abin da mu biyun muke nema wurinta ɗaya ne, miji da mata su iya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da abinci a tukunya.

Sai kuma masu cewa mu zaɓi namu kawai. Na yi murna ƙwarai da aka kafa dayosis ɗin Katsina, wato yankin da ke da bishop nasa, a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasarmu, har na yi hawaye. Amma kujerar bishop daban, ta gwamna daban. Dokar Ikilisiya ta hana fada shiga harkar jam'iyya, shi ya sa Bishop ɗin Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia a 2022 da ya fito takarar gwamnan Binuwai, bai ce namu ne a ƙyale shi ba. Kadinal Ratzinger, kafin ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya bayyana wa bishop-bishop na Amurka a 2004 cewa laifi ne ka zaɓi mutum domin yana goyon bayan zubar da ciki, amma in ba ka yarda da ra'ayinsa ba, akwai kuma dalili mai nauyin gaske, kana iya ba shi ƙuri'a. Wato aikin auna dalili yana wuyan mai zaɓe. Sunan baftisma ba shaidar riƙon amana ba ne. Na ga Bitrus da ya ci kuɗin rijiya, na ga Alhajin da ya gina ta.

Katikisim ya sa jefa ƙuri'a cikin wajibai, tare da biyan haraji da kare ƙasa. Duk da haka a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Cikin waɗanda suka fito a rumfarmu, na ga matan da na koya wa katikisim suna karɓar taliya biyu da sabulu. Ban tsawata musu ba, na san yunwa. Na dai tuna musu daga baya cewa kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Don haka na gaya wa ɗana zan karanta takardarsa bayan Misa, da izinin Fada, amma sai na ƙara tawa a ƙasa. Duk mai neman ƙuri'ar ƙauyenmu ya faɗa mana ungozoma nawa masu horo zai kawo asibitinmu, su kwana a nan. Ya faɗa mana sau nawa ya zo gaisuwar mutuwa lokacin da ba zaɓe. In ya taɓa riƙe muƙami, ya nuna mana hanyar da ya gyara, mu je mu taka ta da ƙafarmu. Kai ma, ya Edita, in sun zo ofishinku neman a buga hotunansu, don Allah ka sa wakilanka su yi musu waɗannan tambayoyin, ku buga amsar yadda suka ba da ita. Ɗan nawa bai amsa saƙona ba tukuna, amma uwarsa ta ce zai zo Kirsimeti.

Naka,
Tsohon katikis,
daga ƙasar Malumfashi, Jihar Katsina.