Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin inshorar lafiya kan maimaita gwajin masu ciwon daji

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan jinya ne da masu aikin ɗakin gwaji a nan Kano, kuma masu riƙe da katin inshorarku ta hannunmu suke bi kullum. Ƙorafinmu a kan lambar amincewa ne, wadda sai kun bayar da ita kafin a yi wa majinyaci gwaji ko hoto. Tsarinku kowane gwaji shi kaɗai yake kallo, alhali gwaje-gwajen mai ciwon daji a jere suke, kowane da ranarsa, wasu ma sakamakonsu kwana biyu ko uku yake yi ya daina amfani.

A ɗauki mace mai sankarar mama da ake ɗura wa maganin kemo duk kwana 21. Ba a sa mata ruwan sai an ƙidaya ƙwayoyin jininta. Galibi likita yana son fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, wato niyutirofil, su kai 1,500, masu tsayar da zubar jini kuma su kai 100,000. Maganin da kansa yake karya waɗannan ƙwayoyi: suna faɗuwa ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14, sannan su farfaɗo dab da kwana na 21. Shi ya sa ake ɗibar jinin cikin awa 24 zuwa 72 kafin ɗurin. Likita tun ranar ɗurin da ya wuce yake rubuta takardar gwajin, ku kuma sai ku ba da lambar da wa'adinta ke ƙarewa kafin mako ukun ya cika. Majinyaciya na tsoron kada lambar ta mutu, sai ta je a ɗebi jinin a kwana na 14 ko 15, daidai lokacin da jinin yake ƙasa. Ranar ɗuri babu likitan da zai yi aiki da wannan takarda. Dole a sake gwajin, a sake neman lamba, kuma sau da yawa kafin ta fito an tashi daga aiki. Idan ta haƙura ta jira ranar da ta dace, sai a tarar lambar ta mutu.

Ga wanda ke zaune a ofis, wannan jinkirin yini ɗaya ne. A asibiti ba haka yake ba. Asibitoci da yawa ranakun ɗuri ƙayyadaddu ne a mako, gadajen kuma a ƙirge suke, wadda ta rasa ranarta sai ta jira wani makon. Tazarar kwana 21 ba don jin daɗin ma'aikata aka sa ta ba, lissafin maganin ke nan, kuma yawan ɗaga ranar yana rage ƙarfin da yake yi wa cutar. Ga shi mutanen nan daga Haɗeja suke tasowa, da Gumel, da Daura, da Azare. Kowace dawowa kuɗin motar mutum biyu ce, domin ba ta zuwa sai da mai jinya, ga wurin kwana, ga abinci. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Hoton CT ma haka. Kafin a yi allurar ruwan da ke fito da hoto sarai, ana buƙatar gwajin ƙoda na kwanan nan, domin ƙoda ce ke fitar da ruwan, kuma wasu magungunan kemo irin su sisfilatin dama suna taɓa ta. Ku sai ku amince da hoton yau, ku bar gwajin ƙodar a layi. Majinyaci ya zo bai karya ba, ya zauna tun bakwai na safe, sai an kira sunansa a ce ina sakamakon ƙoda. Ranar ta tafi. Wani lokacin a yi hoton babu ruwan don kada a yi asarar lamba, likita ya duba ya ce bai ga abin da yake nema ba, a sake. CT na ciki ɗaya yana ɗora wa jiki tururin radiyeshin da ya kai wanda mutum ke samu daga muhallinsa cikin kimanin shekara uku. Bai kamata a maimaita shi saboda takarda ta makara ba.

Sai batun ɗakin gwajin da kuka ɗaure marasa lafiya da shi. A reshe ake ɗibar jini, a tara kwalabe har rana ta take, sannan a ɗora wa mai babur ya ratsa gari da su. Jinin da za a duba gishirin jiki a cikinsa ana so a juya shi a na'ura a raba ruwan da ƙwayoyin cikin awa biyu. Idan ya daɗe, ko ya sha jijjiga, jajayen ƙwayoyi su fashe, sinadarin fotasiyam ya tsiyayo, sakamako ya nuna ya yi yawa alhali a jikin majinyacin daidai yake. Sa shi a ƙanƙara kafin a raba ba ya gyara komai, ƙara tsiyayar yake yi. Sukari kuwa raguwa yake yi awa bayan awa idan ba a zuba jinin a kwalba mai murfi ruwan toka ba. Likitan da ya ga fotasiyam ya haura 6 ba zai taɓa majinyaci ba sai an sake ɗiba, kuma da gaskiyarsa. Amma a wurinku wannan sabon gwaji ne mai neman sabuwar lamba, har akan ce wa majinyaci ya riga ya ci rabonsa, ya biya da aljihunsa. A tuna kuma jijiyoyin mai shan kemo sun ƙone, wadda aka cire wa ƙululun hammata hannu ɗaya kawai ake so a huda. Mun ga ana neman jijiya a bayan hannu har sau uku saboda gwajin da laifin lalacewarsa ba nata ba ne.

A gefe guda kuma kuna biyan gwajin da ba a buƙata. Gwajin HbA1c na masu ciwon sukari matsakaicin wata biyu zuwa uku yake nunawa, amma ana sake shi bayan mako uku saboda sabon asibitin da kuka tura mutum bai ga na baya ba. Kuɗin da ke zubewa a nan zai iya biyan gwajin da kuke hanawa.

Abin da muke nema ba mai wuya ba ne. Idan likita ya rubuta zagaye shida ko takwas na kemo, ku ba da lamba ɗaya da ta ƙunshi ɗurin da gwajin jinin da ke gabansa, wa'adinta ya bi ranakun da likita ya sa. Duk hoton da ke buƙatar allurar ruwa ya fito tare da gwajin ƙodarsa. Jinin da ya lalace a hannun ɗakin gwaji, su sake shi a ranar, a kan lambar farko, ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ku bar mai kemo ya yi gwajinsa a asibitin da ake masa ɗurin, inda sakamako ke fitowa cikin 'yan awoyi, in kuwa sai reshe, to ku tabbatar akwai na'urar raba jini a can. Ku kuma sa mai ɗaukar waya ranar Juma'a da yamma da Asabar, domin mai ɗuri ranar Litinin a ranakun nan yake buƙatar amsarku.

Ranka ya daɗe, tun watan Afrilun 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta umarci kamfanoni irin naku su amsa buƙatar amincewa cikin awa ɗaya. Muna roƙon ku ba mu amsa a rubuce cikin mako biyu, ku faɗi wanne za ku gyara da ranar da zai fara aiki. Mun aika kwafin wannan wasiƙa ga ofishin hukumar na jiha.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, Kano