A waiwayi Mayakovsky a filin adabi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah filin adabinku ya taɓo mana Vladimir Mayakovsky, mawaƙin Rasha da aka haifa a Jojiya a 1893. Tun yana ɗan saurayi siyasa ta kai shi kurkuku. A 1912 shi da abokansa suka ce a jefar da su Pushkin, wato manyan marubutan Rasha na dā, daga jirgin zamani, kuma da riga rawaya yake hawa dandali, don tsokana kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne baitinsa: yakan sassara shi, kalma ta sauko ƙarƙashin kalma tamkar matakala, mai karatu ya san inda zai ja numfashi. Ya yi wa juyin juya halin Rasha hidima, ƙarshe ya harbe kansa a Mosko a 1930.

Naku, mai karatu daga Zariya.