A riƙa tuna mana da irin su Yannick Noah

Malam Edita, barka da aiki. Kullum shafinku na wasanni ƙwallon ƙafa ne kawai, kamar babu wani wasa a duniya. Don Allah ku taɓa mana tanis, ko da labarin Yannick Noah, tsohon gwanin tanis na Faransa, ne.

Mutumin nan babansa ɗan Kamaru ne, kuma a Yaounde Arthur Ashe, shahararren ɗan tanis na Amurka, ya gan shi a 1971 yana ɗan shekara 11, ya yi masa hanya aka kai shi Faransa ya samu horo. A 1983 ya doke Mats Wilander ɗan Sweden ya ɗauki kofin Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa, kuma har yau babu namiji ɗan Faransa da ya sake cin wannan kofi shi kaɗai, ka ji fa. Daga baya ya jagoranci Faransa ta ci kofin Davis, gasar tanis ta ƙasa da ƙasa, a 1991 da 1996 da 2017, ga waƙa kuma da ya shiga.

Yaranmu na Nima da Mamobi ko raket yawancinsu ba su taɓa riƙewa ba, alhali ga filin tanis can a sitadiyom na Accra. Wa zai kai su?

Mai karatunku,
daga Nima, Accra