Ɗana yana kan abincin kito, ina tsoron faɗuwar sukarinsa a filin ƙwallo

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan fili, na rubuto ne daga Unguwar Sanusi a nan Kaduna domin neman shawararka a kan ɗana mai shekara 9, wanda yake fama da ciwon farfaɗiya tun yana ƙarami.

An gwada masa magunguna daban-daban amma ciwon bai lafa ba, daga ƙarshe likitansa ya ɗora shi a kan tsarin abincin da ake kira kito, ba tare da an tsayar da maganin da yake sha ba. An bayyana mana cewa tsarin ba sabo ba ne, domin tun a shekarar 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ya ɓullo da shi saboda masu farfaɗiya. Ma'aunin da aka ba mu shi ne a kan kowane giram 4 na mai, giram 1 kacal na furotin da sitaci a haɗe, ta yadda jiki zai rasa sukarin da ya saba ƙonawa ya koma kan kitse, hanta kuma ta riƙa fitar da sinadarin kiton wanda ƙwaƙwalwa za ta yi aiki da shi. A gidanmu wannan yana nufin ya yi bankwana da tuwo da shinkafa da fura da masa. Mahaifiyarsa sai ta ɗora ƙwai da man shanu da kifi da ganyen alayyafo a kan ɗan ƙaramin sikeli kafin ta girka masa. Alhamdu lillahi, faɗuwar farfaɗiyar ta ragu ƙwarai, har ya koma makaranta.

Damuwata ita ce ƙwallo. Da ya samu sauƙi sai ya fara bin yaran unguwa fili bayan sallar La'asar, kuma wani lokaci yakan dawo gida jiƙe da gumi, leɓɓansa sun bushe, hannunsa yana ɗan rawa, ya zube a kan tabarma yana neman barci. Idan na huda masa yatsa na auna sukarin jininsa, na'urar takan nuna tsakanin 55 da 60. Maƙwabcina mai ciwon sukari ya ce a wurinsu duk abin da ya gaza 70 hatsari ne, ita kuwa takardar da aka ba mu a asibiti cewa ta yi a ba shi mililita 30 na ruwan lemun zaƙi idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 50. Na fahimci cewa yaran da ke kan wannan abinci sukarinsu yakan zauna ƙasa da na sauran mutane, to amma idan lamba tana 57 alhali yaro yana rawar jiki, wanne zan bi, na'ura ko abin da idona yake gani? Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a da, kafin ciwon ya kayar da shi, yakan yi shiru ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ga shi kuwa kasalar faɗuwar sukari ma kusan haka take bayyana. Ina roƙon ka koya mini yadda zan bambance su.

Haka kuma a lokacin wasannin makaranta an saba zuba wa yara garin gulukos a tafin hannu bayan tsere. Wani malami, da kyakkyawar niyya, ya zuba masa ya lashe, washegari tsinken gwajin fitsari ya nuna kiton ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Me ya kamata in rubuta wa makaranta domin su san lokacin da sukari yake ceto a gare shi da lokacin da yake cutarwa?

Ina kuma son sanin ko akwai abin da za a ba shi cikin ma'auninsa kafin ya fita wasa, kamar dafaffen ƙwai da man shanu ko 'yar gyaɗa, da kuma ko ya dace a auna shi kafin ya fita da bayan ya dawo, ganin yadda tsinken awo ya yi tsada. Ga zafin Maris da Afrilu yana tafe, an kuma gargaɗe mu cewa ƙarancin ruwa yana iya jawo wa masu wannan abinci tsakuwar ƙoda. Ruwa zalla zai wadatar da shi bayan gumi mai yawa, tunda ruwan gishiri da sukari da ake ba sauran yara yana ɗauke da gulukos?

Kakarsa ta dage a hana shi wasa gaba ɗaya, kuma na san ƙauna ce ta sa. Ni dai a ganina yaron da aka raba da abincin da 'yan'uwansa suke ci a gabansa bai kamata a sake raba shi da abokansa ba, muddin akwai hanyar da zai yi wasa lafiya. Ranar komawarmu asibiti da saura, kuma ba zan canza komai a ma'aunin abincinsa ba sai da izinin likitansa, amma ina buƙatar sanin abin da zan riƙe kafin lokacin, da tambayoyin da ya kamata in gabatar masa.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Mahaifin yaro, Unguwar Sanusi, Kaduna.