Masu Digirin Tauhidi, Ku Dawo Mana Da Binciken Cikin Hausa

Edita, gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan jaridarmu. Don Allah a ɗan samma mini fili in yi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni Bahaushe ne Kirista, malamin firamare mai ritaya, kuma shekara da shekaru ina cikin masu karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a ranar Lahadi. Ɗan ƙanena yana karatun digiri na biyu a fannin tauhidi da nazarin Littafi Mai Tsarki a wata jami'a, kuma tun da ya fara mutanen gida ke masa tsiya wai karatun fasto ma har sai an yi masta? Ni ma da haka nake gani, sai da ya zo hutu na zauna da shi a tabarma na ga abin da yake yi.

Yaron nan kalma ɗaya tak yake bincike a kai, kalmar Ibrananci da ake ce wa hesed. Ya buɗe mini Zabura ta 136, aya 26 ce kuma kowace aya tana ƙarewa da amshi iri ɗaya, wanda mu a Hausa muke karantawa da cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. Ya ce Baba wannan ƙauna da kake gani a asali ba ƙauna ce kawai ba, akwai amana a ciki, akwai riƙon alkawari, akwai alherin da babba ke yi wa na ƙasa ko da na ƙasan bai cancanta ba. Na ce to ai wannan kusan zumunci ne ko amana irin tamu, ya yi dariya ya ce abin da yake so ya rubuta ke nan. Har ya nuna mini cewa Hausa da Ibrananci dangin juna ne na nesa, mu mu ce mutu su ce mut, mu ce harshe su ce lashon, wallahi sai da na ajiye kofin shayina.

To ga inda gizo ke saƙa. Da ya kai maganar wurin mai duba masa aiki sai aka ce ya rage Hausar nan, ya bi abin da manyan masana na Jamus da Ingila suka faɗa, shi ne zai wuce difens, wato kare kundinsa a gaban malamai, lafiya. Ban ce kada a karanta Turawa ba, sun yi aiki ba kaɗan ba, amma idan an gama a ɗaure kundin nan da baƙin bango a kai shi laburare ƙura ta rufe shi, wa ya amfana? Tsohuwar da ke zama a bencin baya a majami'armu ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, kuma irinta su ne suka fi yawa daga Kudancin Kaduna zuwa Filato, Bauchi, Gombe har Adamawa inda Hausa ce harshen sujada ko ga wanda ba Bahaushe ba.

Mu tuna fa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya sha wahalarsa tare da wasu 'yan mishan da 'yan ƙasa da suka taya su, sannan aka sake sabuwar fassara a 1979 wadda da ita yawancinmu muka girma. A cikinta Bisharar Yahaya ta fara da fil azal, kalma mai kyau ce amma Larabci ce tsantsa, na taɓa tambayar 'yan ajin baftisma me ake nufi da ita, yara wajen ashirin ba wanda ya ɗaga hannu. Wa zai warware irin wannan in ba wanda ya san Helenanci, harshen da aka fara rubuta Bisharar da shi, ya kuma san Hausar kasuwa ba?

'Yan'uwanmu Musulmi sun riga mu gane wannan, dubi tafsirin azumi, mai jan baƙi ya ja, malam da ya sha nahawu da lugga ya sauke wa jama'a da Hausar da kowa zai ɗauka ya tafi da ita gida.

Kuma ba wai ba mu da masana ba ne. Byang Kato ɗan ƙasar Kwoi ya yi digirin digirgir a Dalas ta Amurka a 1974, Allah bai ba shi tsawon rai ba ya rasu a teku a Mombasa a 1975. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru tun 1959 take horar da ɗalibai, ga makarantar tauhidi ta JETS a Jos, ga sassan nazarin addini a jami'o'inmu. A Ghana marigayi Kwame Bediako ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne a yi tauhidi da harshen uwa. Lamin Sanneh ɗan Gambiya da ya koyar a Jami'ar Yale ya yi dogon rubutu a kan yadda fassara ce ta sa addinin Kirista ya samu gindin zama a Afirka. Mu da muke da harshen da miliyoyin mutane ke ji me ya hana mu?

Roƙona ga shugabannin makarantun nan ƙarami ne. Duk ɗalibin masta ko digirin digirgir da ya fito daga ikkilisiyar da ake sujada da Hausa, a sa shi ya rubuta taƙaitaccen bayanin bincikensa cikin Hausa, ko shafi biyar ne, a buga a raba wa fastoci da masu bishara na ƙauye. Su ma ikkilisiyoyin da ke tara baiko suna biya wa yaran nan kuɗin makaranta su riƙa tambaya in an dawo, me ka kawo mana?

Ɗan ƙanen nawa dai na ce masa ya bi abin da malaminsa ya ce don ya samu takardarsa, amma ya ajiye mini shafukan Hausar da aka ce ya cire, ina so in karanta wa 'yan zumuntar mata a taronsu na wata mai zuwa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya